Saƙon Wata Uwa Daga Wagadugu

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, wasu ma sai an tuna mini. Amma tafiyar da makarantarmu ta kai mu Wagadugu tana nan zaune a zuciyata, kuma ban ga ranar da za ta tashi ba.

Lokacin Gana ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Ina ajin ƙarshe na makarantar midil a Tamale, ina buga wa makaranta ƙwallo. Hedimastanmu ya shirya da wata makaranta can ƙasar Mosi, wadda har lokacin tana hannun Faransa, mu je mu yi wasa mu kwana kaɗan. Babana mai masauki ne a zango. Masu tafiya ƙwadago gonakin koko a Asante, fataken shanu, masu goro, duk gidanmu suke sauka. Zaurenmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba, tuwon da Inna ta tuƙa domin mu kuwa sau da yawa sai an raba shi biyu. Ni a wancan lokaci ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Idona yana kan Kumasi da bakin teku, inda nake jin can ne ake rayuwa. Tamale a wurina tasha ce kawai, wurin da mutane ke shan ruwa su wuce.

Muka hau bayan lori, muka ɗaura sabuwar tutarmu a jikin gora, muna waƙa har muryoyinmu suka dushe. Da muka tsallaka iyaka bayan Paga, mutanen ƙauyuka suka riƙa fitowa bakin hanya suna kallon baƙin tauraron da ke jikin tutar. A wani wuri da muka tsaya zuba wa mota ruwa, wani dattijo ya matso ya shafa tutar da tafin hannunsa.

Maganar wasa kuwa gara a taƙaita: sun ci mu. Mai tsaron gidansu wani siririn yaro ne mai dogayen hannaye, duk abin da na buga sai ya cafe. Da aka zo rarraba mu gidajen ɗalibai, sai ga shi a hannunsa na faɗa. Shi ba ya jin Ingilishi, ni ba na jin Faransanci, amma na tashi da Dagbanci, yaren mutanen Tamale, a kunnena, shi kuma yaren Mosi ɗan'uwan Dagbanci ne. Da wannan da 'yar Hausarsa ta kasuwa muka haɗa, hira ta tafi.

Gidansu yana can bayan gari, ɗakuna biyu da rumbu. Mahaifinsa ya rasu. Uwarsa tana sussukar gero muka shiga, da ya gaya mata daga Tamale nake sai ta ajiye taɓaryar ta zo ta zauna a gabana tana kallona. Zabuwa ɗaya ce na gani a gidan, ita aka yanka mini da yamman nan.

Sai da na ƙoshi sannan ta yi magana, ɗanta yana cike mini inda ban gane ba. Babban ɗanta ya tafi ƙwadago gonakin koko damina uku da suka wuce, ta hanyar Tamale, tun daga nan ko labarinsa ba ta ji ba.

“Ɗana, ba ka gan shi ba?” ta ce. “Dogo ne, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Yana da tabon ƙuna a nan.” Ta nuna gwiwar hannunta.

Na ce, “Inna, masu wucewa suna da yawa.”

“Na sani,” ta ce. “Amma duk wanda ya dawo yana cewa mutanen Tamale ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa. Wanda ya ba shi abinci ai ya ga fuskarsa.”

Garin da nake rainawa, ga wata mata a wata ƙasa ta jingina dukan begenta a kansa.

Washegari da muke tafiya makarantarsu abokin nawa ya gaya mini sauran. A duk unguwarsu shi kaɗai ya sami gurbin karatu, kuma shi ne na ɗaya a ajinsu. Amma ya yanke shawara, da an gama girbi zai ajiye littafi ya bi hanyar kudu neman wansa, domin ba zai iya ci gaba da ganin uwarsa tana fita bakin hanya duk lokacin da ta ji ƙarar mota ba. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Na tuna yadda mu muke ƙorafi in wake ya yi tsakuwa a makaranta. Na ce masa ya dakata, ya ba ni lokaci in gaya wa babana. Gaskiya ni kaina ban san ko maganar tana da amfani ba.

Da muka koma gida, 'yan'uwana suna ta tambayar yadda Wagadugu take, ni kuwa zaure na nufa. Na durƙusa na gaida Baba, na kwashe labari na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya tambayi sunan mutumin, da na ubansa, da unguwarsu, da irin tsagen fuskarsa.

“Ka yi mata alkawari?” ya ce.

“Na ce zan gaya maka, Baba.”

“To ai ka yi ke nan. Tashi ka je ka ci abinci.”

Daga ranar na ga aikin babana da idon da ban taɓa kallonsa da shi ba. Duk direban da zai gangara kudu, duk mai goro, duk wanda ya kwana a zaurenmu, sai Baba ya kira shi gefe ya siffanta masa mutumin, ya ce a isar wa masu masauki na Salaga da Kumasi, su ma su isar gaba. Aka yi ta dawowa da babu. Sau ɗaya aka ce an ga mai ɗingishi, ashe wani ne dabam. Gero ya fara nuna, ni kuwa hankalina ya kasa kwanciya, ina ganin abokina yana naɗe tabarmarsa.

Ana cikin girbi wani mai goro ya iso da labari. An same shi a wani ƙauye bayan Kumasi. Ciwo ya kwantar da shi kusan shekara, abin da ya tara duk ya tafi a magani, kunya ta hana shi komawa hannu wofi. Baba ya aika a ce masa uwarsa ba kaya ta aiko nema ba, shi ta aiko nema. Aka ɗoro shi a motar goro.

Ina nan a ƙofar gida ya sauko, dogo, ya rame ƙwarai, yana jan ƙafar hagu. Na kalli gwiwar hannunsa na ga tabon. Da na gaya masa na ci abinci a gidansu, na ga uwarsa da ƙanensa lafiya, sai ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Inna ta yi ta ɗura masa koko da tuwon zafi har ya ɗan murmure. Baba ya ɗinka masa riga, ya saya masa turmin atamfa ya kai wa uwarsa, ya haɗa shi da fataken shanu masu komawa arewa.

Abokina bai bar makaranta ba. Bayan shekaru, ƙasarsu ma ta sami 'yanci, ya zama malamin asibiti, ya zo Tamale takanas. Ni ya fara nema, amma da na kai shi zaure ya ga Baba, sai ya cire takalmi tun daga nesa ya zube ƙasa. Baba ya ɗaga shi yana cewa, “Haba ɗana, tambaya kawai muka yi.”

Na yi tafiye-tafiye bayan wannan, har na ga tekun da nake mafarki. Amma duk inda aka tambaye ni ɗan wane ne ni, da ƙarfina nake cewa ɗan mai masauki ne daga zangon Tamale. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mutum yana iya zama a tsakiyar alheri bai gan shi ba, sai ya fita waje ya ji abin da wasu ke faɗa a kan gidansu.