Ginshiƙin Baba Saje

Duk Barnawa kun yi kuskure, har da ku 'yan cocinmu: ginshiƙin sumintin da ke ƙofar gidan kakana, Baba Saje Yohanna, ba tsafi ba ne. Na gaji da amsa wannan tambayar tun ranar jana'iza, saboda haka ga shi a rubuce.

Kun san shi. Kowace Asabar zai fito da gajeren wandon kaki da bokiti, ya wanke ginshiƙin tas, ya ja da baya, ya sara masa. Sunaye huɗu ne a jiki, abokansa da suka mutu a gefensa a yaƙin Burma: Kofur Garba mutumin Zariya, wani Bature, wani Ba'indiye, da wani ɗan Kenya. Ya ce gwamnati ta gina wa kowa nasa wurin tunawa daban, alhali rami ɗaya suka kwana, gwangwani ɗaya suka ci.

Baba mutum ne da ke tsaga ashana biyu. Sabulun da aka hana mu taɓawa, da shi ake yi wa dutse wanka. Na taɓa ce masa, "Baba, su fa ba sa datti."

Ya ce, "Amarya, wata bakwai ba su ga ruwan wanka ba. Ke jiya kika yi."

Wata rana wani sabon fasto ya zo da dattawa uku, wai za su kori abin da ke ciki. Baba ya miƙa masa tabarau, ya sa ya karanta sunayen da ƙarfi.

"To, Fasto, da wa za ka fara? Kada dai ka fara da Garba. Shi ya goyo ni mil uku da harsashi a cinyata, kuma ba ya son hayaniya."

Fasto ya yi addu'ar godiya, suka tafi.

Sai zamanin soja ya kawo jan fenti. Wani laftanan, yaro ƙarami, ya zo ya ce ginshiƙin ya shiga hanya, katafila na zuwa. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Wane yaƙi ka je?"

"Ban je ba, Baba."

"To gyara hularka ka gai da manyanka."

Wallahi ya sara. Amma ya shafa fentinsa ya wuce. Shekara huɗu Baba bai je ƙauye ko da Kirsimeti ba, yana zaune a kujera yana jiran katafila. Mu muna dariya, shi yana ramewa. Ranar da soja suka miƙa mulki ya ji a rediyo, ya ce, "Sun koma bariki. Kawo mini kananzir." Ya goge fentin, ya ci tuwo har da ƙari. Bai cika wata biyu ba ya rasu.

Abin da soja ba su yi ba, Kawu Bitrus ya tashi yi. Yana son wurin ya buɗe shagon kayan masarufi. Na yi masa rashin kunya, Mama ta ce in rufe baki. Ranar Talata ya kawo leburori biyu daga Kudenda, ni kuma na shige ɗaki don kada in gani. Tun safe nake jin guduma. Da azahar sai shiru. Na leƙo, ga guduma biyu a karye, babban leburan yana duba tafin hannunsa.

"Oga, wannan ba gini ba ne. Ƙarfen titin jirgi ne a ciki, har uku. Tsohon nan gada ya yi niyya?"

Mutumin da ke tsaga ashana! Na zauna a ƙasa ina dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariya ba ce. Kawu ya ce shagon ma ya fi kyau ta bayan gida.

Ubangiji ya ba ka hutu, Baba, kai da su huɗun, kowa da irin addu'ar gidansu. Gobe zan kira magini ya cike inda guduma ta ɓantare, kuma kafin sumintin ya bushe zan rubuta sunanka a ƙasan na Garba. Ban nemi izinin kowa ba.