Wuƙata da ta Sale a Hanyar Giwa

Rafin Guza, Talata

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame sallar asuba, na shiga lambu na yanko rassa goma sha biyu a jikin mangwaron mahaifina. Marigayin ne ya yi masa aure da hannunsa, wato ya ɗaura reshen wani iri a kan dashe, irin wanda ba shi da zare, ga zaƙi. Filin na aro ne, mai shi ya sayar za a yi gini, an ce ranar Alhamis za a sare komai. In rassan nan suka bushe kafin in ɗaura su a kan wasu dashe, irin Baba ya ƙare ke nan. Na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, sai ƙauyenmu da ke bayan Giwa, inda Gwaggo, ƙanwar Baba, take da ƙananan dashen mangwaro a bayan gida.

Ɗanta Sale, taubashina, mai sayar da rake a Malali, shi ya raka ni. Kowannenmu da wuƙarsa mai naɗewa. Tasa in ya buɗe ta ta kai taƙi guda, tana wani ƙas da za ka ji daga nesa. Tawa ba ta wuce ɗan yatsa ba.

"Habu, wannan abin yankan farcen za ka je aiki da shi?" in ji Sale.

Na ce, "Kai dai riƙe addarka, mahaucin rake."

Kawo zuwa Rigachikun

Bas ɗinmu ta bar tashar Kawo shida da rabi, naira biyar-biyar zuwa Zariya. Tun a tasha Sale ya ji ana cewa akwai shingen bincike a gaba, sai ya cusa wuƙarsa cikin buhun rakensa, aka ɗaure a saman mota. Babbar wuƙa ke nan: ta ja maka aljihu, ta ja maka tambaya.

A Rigachikun kuwa aka sauke mu aka laluba kowa. Mai binciken ya buɗe tawa, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya ce, "Malam, wanzami ne kai?" Na ce mai lambu ne. Ya miƙo mini abata. Na waiwaya na dubi Sale, shi kuma ya dubi sama.

Bayan Jaji

Bakwai da minti arba'in mota ta yi tari ta tsaya. Tiyon mai ne ya tsage a baki, sai an datse wurin an mayar. Direba ya leƙo ya ce, "Mai lambu, ara mini 'yar wuƙar nan taka."

Na ce, "Ka yi haƙuri, direba. Ba a ara ta."

Wallahi sai ka ce na zagi uban wani. Wata Hajiya ta tafa hannu ta ce ita ba ta taɓa ganin rowa irin wannan ba. Wani dattijo ya ce, "Haba ɗana, wuƙa ce fa, ba mata ba." Na ji kunya, ba na musu. Amma haka Baba ya koya mini: wuƙar aure ba ta yanka komai sai reshe. Ko goro ba na ɓarawa da ita. In ta sha mai ta dakushe, yanka ba zai fita sumul ba, reshe kuma ba zai kama ba.

Dole aka kwance kayan saman mota gaba ɗaya don a ciro ta Sale. Minti arba'in da biyar muna bakin titi, rana tana ɗagawa, ni ina tsugune a gindin wata ɗorawa ina yayyafa wa buhu ruwan butata. Na san taurin kaina ne ke gasa rassan nan. Da wuƙar ta fito, sara ɗaya ta datse tiyo. Gaskiya ɗaya ce, tawa ba za ta yi haka ba. Sale ya naɗe abarsa a hankali yadda kowa zai gani, har Hajiya ta sa masa albarka ta harare ni.

Zariya zuwa Giwa

Mun shiga Zariya tara da rabi. Muka ci waina da miyar taushe a tsaye, na sake jiƙa buhu a famfon masallaci. Motar Funtuwa ta ajiye mu Giwa sha ɗaya saura, daga nan a-kori-kurar masu masara ta kai mu ƙauye, tafiyar mil shida a kan laka.

Gidan Gwaggo

"Lale da mai sunan Babana! Ka sha fura tukuna."

"Gwaggo, fura ta jira, waɗannan ba za su jira ba."

Biyu sun riga sun yanƙwane, na jefar. Sale, da kansa ya kumbura tun Jaji, ya fizgi ɗaya daga goman da suka rage ya ce yau zai nuna mini ba wani sihiri a ciki. Ya kafa wuƙarsa, ta tsarge reshen gida biyu har ƙasa. Gwaggo ta ɗaga muciya ta ce, "Ɗan nema! Icen yayana ka mayar rake?" Saura tara.

Na zauna a turmi na buɗe tawa. Jan wuƙa ɗaya ta nan, ɗaya ta can, reshe ya fiƙe kamar alƙalami. In tsaga kan dashe, in soka, ɓawo ya haɗu da ɓawo, in naɗe da leda tam. Kafin la'asar na gama tara ɗin. Gwaggo tana tsaye a kaina, da na miƙe ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Haka yayana yake riƙe ta." A soro muka kwana, bayan tuwon masara da miyar kuka.

Komawa

Laraba muka yi ban ruwa, na kafa wa kowane dashe inuwar kara. Alhamis muka juyo, na iso Rafin Guza uku da rabi. Ban shiga gida ba na zarce lambu. Kututture na tarar, ana loda itacen a kura. Na tsaya na yi kukana, ban ɓoye wa kowa ba.

Kwana ashirin da uku bayan haka sai ga Sale, da ya sake zuwa gaida Gwaggo, ya dawo daga ƙauye, tun daga bakin layi yake ƙwala mini kira, "Habu! Bakwai sun yi toho! Bakwai!" Na ce Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu, na gode wa Gwaggo da ke ban ruwa safe da yamma, har direban nan da na ɓata wa rai ina roƙonsa gafara. Baba kuwa, Allah Ya kai haske kabarinsa, mangwaronsa yana nan da rai.