Ɓerayen Rumbunmu

Ko da zan manta komai na garinmu Wagini, ba zan manta shekarar da zazzaɓin ɓera ya shigo mana ba. A daminar ne mutanen Ruma suka gudo wa 'yan bindiga. Mahaifina, wanda malamin Islamiyya ne, ya sauki wata bazawara da 'ya'yanta a tsohon gidan kakanmu, ya sa aka kai musu dammunan gero daga rumbunmu.

Ba a jima ba 'yarta ta kwanta, sai wani maƙwabci, sai matarsa. Da aka ce ɓera ke kawo ciwon, gari ya yanke hukunci: a cikin kayan baƙi ya zo, su tattara su koma. Su koma ina? Ni dai har yau in na tuna masu wannan magana raina ɓaci yake.

Ana cikin haka masu bincike suka iso da tarkuna, wata mata ce shugabarsu. Sun kama ɓeraye a garinmu, da Safana, da gefen Ruma, suna yankar ɗan kunnen kowanne. Mun sha dariya, muna cewa boko ya ƙare a kaciyar ɓera. Mahaifina ya roƙi mai gari a jira sakamako, aka jira ana gunaguni.

Da shugabar masu binciken ta dawo, a zaurenmu ta sami mahaifina, ni kuma na kawo ruwa na ƙi tafiya.

"Baba Malam," in ji ta, "ɓera ma yana da dangi, jikinsa ke nunawa. Na Ruma zuriyarsu daban, kuma ba mu ga ciwon a cikinsu ba. Na ɗakin baƙin nan jininsu ɗaya da na rumbunka."

Ya ce, "Ke nan cikin dammunan da na ba su suka tafi?"

"Da alama. Amma ba sai na ambaci gidanka ba."

"A'a, ɗiyata. Ni zan ambata."

Ranar Juma'a bayan sallama ya miƙe a masallaci. Yayana ya ce ga abin da ya faɗa: "Jama'a, baiwar Allah nan ba ta kawo mana ciwo ba. Mu muka kai mata, daga rumbuna. Mai son korar wani ya fara da ni."

Mun ɗanɗana kuɗarmu. Aka janye yara daga makarantarsa, aka daina karɓar tuwon gidanmu, har sai da kaka ta wuce. Bai taɓa ƙorafi ba. Ya kwashe rumbun, ya lilliƙe ramukan da hannunsa. Bazawarar kuwa ba wanda ya sake ce mata ta tashi, kuma a garin ta aurar da yarinyar da ta yi jinya.

Ban taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba. Daga gare shi na koyi cewa in gaskiya za ta ceci mai rauni, faɗinta wajibi ne, ko da a ƙofar gidanka za ta sauka.