Zaren da Ba Mu Warware Ba

Shekara tara ke nan rabona da gida, kuma ban taɓa zama in rubuta wa kowa ta'aziyya ba sai yau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baffa Sannu, abokin aikina a jirgin kamun kifi, wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi. Ruwa ne ya tafi da shi a kan idona. Har yau teku ba ta dawo mana da shi ba, sallar ma ba gawa muka yi ta.

Baffa, da kai nake magana, don ba ni da wanda zan gaya wa wannan a nan. Mai jirgi ya ce daga ranar Asabar ni zan tsaya a gurbinka a bayan jirgi. In na ƙi, aiki ya tafi, ɗaki ma ya tafi, tunda nasa ne. Tsoro nake ji, Baffa.

Waɗanda ke gida ba su san aikin da kake yi ba, bari in gaya musu. Jirginmu ba na masu taru ba ne. Baƙi masu hali ke hayarsa, a fita da su su kama manyan kifaye da fatsa don nishaɗi. Baƙo na zaune kan kujera da sandar fatsa, yana naɗe zare a kwarkwaron da ke jikinta har kifi ya matso kusa. Amma ƙarshen zaren, kamar gaba huɗu, wani ne daban mai kauri wanda ba ya shiga kwarkwaro, dole mutum ya sa hannu ya jawo shi. Wannan mutumin kai ne. A jikin kwalin zaren an rubuta filorokabon, mu dai gilashi muke ce masa, saboda da ya taɓa ruwa ido ya daina ganinsa. Kifi ba ya ganinsa, shi ya sa ake son sa. Abin da ba a rubuta a kwalin ba shi ne, mu ma ba ma ganinsa.

Gilashi zare ne mai taurin kai. In ya murɗe ba ya mantawa. Kana sakar masa sai ya kanannaɗe, ya tashi da kansa ya yi zarge. Ranar farko da na hau jirgin, ina ta amai ina riƙe da ƙarfe, ka ja ni gefe ka miƙa min guntun gilashi. Ka ce in riƙe bakinsa biyu in haɗa hannuwana a hankali. Sai na ga tsakiyarsa ya naɗe kansa kamar mai rai. Ka ce, "Ka gani? Wannan ya ƙoshi da murɗa. Kar ka yarda ya kusanci wuyan hannunka." Ban san ka ba a lokacin, ba garinmu ɗaya ba, amma daga ranar nake ce maka Baffa.

Sunan Sannu kuwa a jirgi ka samo shi, don ba a taɓa ganin ka yi gaggawa ba. Kowace safiya, kafin a ɗaura ko ƙugiya ɗaya, sai ka sa mai jirgi ya rage gudu. Ka cire ƙugiya da darma da ɗan ƙarfe mai juyawa da ke hana zare murɗewa, ka saki zare tsirara a bayan jirgi, ruwa ya yi ta jan sa har murɗar ta fita. Sannan ka naɗe shi ta cikin jiƙaƙƙen tsumma tsakanin yatsunka, idonka a rufe, kana jin inda sauran murɗar take. Baƙi su yi ta duba agogo, kai ko a jikinka.

A ɗaki ma ba mu huta ba. In an kawo sabon zare sai ka jiƙa shi a bokitin ruwan ɗumi don ya yi laushi, ka zaunar da ni in riƙe maka shi, ka ce in na bari ya fito ta baibai to na murɗe shi tun bai ga teku ba. Dogo, na ukunmu a ɗakin, mai aiki a gidan ƙanƙara, ya dawo a daskare ya tarar ruwan wankansa ya zama na zare. Ya ce, "Wallahi Baffa, a ɗakin nan zare ya fi ɗan Adam gata." Ka ce, "Shi in na kula da shi yana miƙewa. Kai fa?" Ka tashi ka ɗora masa wani ruwan da kanka.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kai ka yi aikina ka yi naka, ba ka bari maganar a sallame ni ta taso ba. Da mahaifiyata ta rasu na kasa zuwa, kai ka zauna da ni a bakin gado yini guda, ba ka yi min wa'azi ba, tsumma kawai ka ba ni ka ce in taya ka goge ƙugiyoyi. Kuma kai kaɗai ka san ban iya iyo ba, ka rufa min asiri duk shekarun nan.

Kowannenmu yana rataye 'yar aska mai lanƙwasa a wuya, don in zare ya kama shi ya yanke. Ranar Talata da safe igiyar tawa ta tsinke, askar ta faɗa ruwa tun muna bakin gaɓa. Ka ga yadda fuskata ta koma. Ka cire taka ka rataya min, kana dariya. "Riƙe, matsoraci. Ni hannuna ya san hanya."

Zan faɗi abin da ya faru yadda yake, ba zan ƙara wa kowa ba, ba zan rage ba. Ranar Litinin gishiri ya cinye ɗan ƙarfen mai juyawa, ya ƙage, kifin roba da muke ja don yaudarar kifi ya yini yana wulwulawa da zaren. Ka sauya ƙarfen, amma murɗar tana ciki. Da safe ka ce a rage gudu a warware. Mai jirgi ya ce tsuntsaye na can suna sauka, kifi ya taso, baƙi sun biya, a bari sai an dawo. Ya ƙara da cewa, "Tsoho, kwanan nan ka fiye nawa." Na jira in ji ka yi masa gardama kamar kullum. Sai kawai ka saki fatsa a ruwa. Na san dalili: tun watan jiya kake cewa ana neman masu ƙuruciya a bakin gaɓa, ga 'yarka tana shekarar ƙarshe a makaranta. Sau ɗaya tak ka bari aka yi maka gaggawa.

Kifin ya ci da hantsi, ƙato, ban taɓa ganin kamarsa ba. Baƙon ya jawo shi har gindin jirgi, ka sa hannu ka kama gilashi, kana ja kana zubar da abin da ka jawo. Lafiyayyen zare da ya kwanta. Wannan tashi ya yi. Na ga ƙyallinsa sau ɗaya a rana, ya yi zarge a wuyan hannunka na dama. Sai kifin ya juya ya nutsa.

Ba ka yi ihu ba. Ka buɗe tafin hannunka yadda ka koya min, amma zaren bai faɗi ba. Na cafko hannunka na hagu, na zaro askar, na kai sara inda nake zaton zaren yake. Ruwa na sara. Na sake kaiwa, ruwa. Ina ganin fuskarka sarai, amma abin da ke jan ka ban gan shi ba. Sai safar hannunka ta zame ta zauna a hannuna, kifin ya nutsa da kai. Zaren kwarkwaro, wanda da shi za mu jawo ka, ya cukurkuɗe a bakin sanda saboda murɗar, ya yi ƙara ɗaya ya tsinke.

Ina jin haushin mai jirgi, ba zan ɓoye ba. Amma shi ya faɗa ruwa da takalmansa, ya nutsa har sai da jini ya fito masa ta hanci, ya yi ta zagaye wurin har mai ya kusa ƙarewa. Shi ya kira iyalinka da bakinsa, bai tura ni ba. Maganar da ya faɗa maka ta yi muni, kuma ya sani. Baƙon kuwa tun a jirgi yake tambaya ko za a mayar masa da kuɗinsa. Wannan na bar shi da Allah.

Jiya na sami mai jirgi yana wanke daɓen jirgi. Na ce zan tsaya a bayan jirgi, amma kowace safiya sai an rage gudu an saki zare, ko wane ne a kan kujera, ko kifi na tsalle cikin jirgi. Ranar da ya ce a bari sai an dawo, a ranar zan sauka. Na kuma gaya masa ban iya iyo ba. Sai ya kunna inji muka fita mu biyu, ba baƙo. Na saki zarurrukan ɗaya bayan ɗaya, na naɗe su ta cikin tsummanka. Na ji murɗar tana wucewa tsakanin yatsuna tana raguwa. Idona dai ban iya rufewa ba, Baffa. Ban sani ba ko zan taɓa iyawa.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya ba ka ladan wanda ruwa ya ci, Ya sa inda kake kwance ya fi maka kowane kabari yalwa. Allah Ya yafe maka, Ya warware maka duk abin da ya sarƙe, kamar yadda ka yi ta warware mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwanka, da 'yarka, da Inna mai ɗakinka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku.

Inna, kin tambaye ni a waya ko akwai abin da na iya tsirarwa. Na kasa ba ki amsa a lokacin. Ga shi: hularsa ɗaya, da na tsamo tana yawo a kan ruwa. Safar hannu ɗaya, ta hagu. Zan haɗa su da jakarsa in aiko miki. Sai askarsa, tana wuyana. Ita kam, in kin yarje min, zan fita da ita ranar Asabar.