Loma Ɗaya a Gaban Surukai

Tun kafin ranar ta zo, kowa ya riga ya yanke hukunci a kaina. Babbar 'yata, wadda muke zaune a gidanta a gabashin birnin Greensboro na Amurka tun bayan da na ajiye aikin duba makarantu, ta ce in dai Baba ne, gara a sake shawara. Abokan hirata na masallaci suka ce icen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa. Hajiya kuwa, mai ɗakina, ta ce duk tsawon zamanmu ba ta taɓa jin wanda ya ga bakina yana motsi a wajen gida ba. Abin da suke nufi shi ne ba zan iya zama a gidan sayar da abinci in ci a bainar jama'a ba, balle a gaban surukai. Ban musa musu ba, domin haka aka rene mu. Malamanmu sun koya mana cewa mai ci a kasuwa, ko shaidarsa abar dubawa ce a gaban alƙali.

Autanmu, wanda ke karatun digiri na uku yana haya a unguwar Glenwood, shi ya jawo maganar. Ya ga wata yarinya 'yar ƙasar Malesiya, Musulma mai natsuwa, suka daidaita. Iyayenta sun zo ganinta na ɗan lokaci, saboda haka ya wajaba a nemi aurenta kafin su koma. Da a gida ne, ƙannena zan tura, ni in zauna a zaure in jira labari. A nan ba ni da ƙane, sai na tafi da ƙafata.

Sun karɓe mu da girmamawa a masaukinsu. Mahaifiyar yarinyar ta cika tebur da abincin da ta yini tana dafawa. Na kurɓi ruwa, na yi godiya, na ce alhamdu lillahi a ƙoshe nake. Aka sake yi mini tayi, na sake godiya. Na fito ina jin cewa na ba gidan nan cikakken haƙƙinsa, domin a wurinmu kunyar surukai ita ce ƙololuwar darajanta su.

Daga nan sai shiru. Bayan 'yan kwanaki yaron ya zo, idanunsa sun faɗa. Bai iya gaya mini ba, sai ta bakin mahaifiyarsa na ji. Mahaifin yarinyar ya ce ba zai bar 'yarsa a gidan da babbansa ya ƙyamaci shinkafar uwarta ba. Da ƙyar yarinyar ta shawo kansa ya yarda a sake haɗuwa sau ɗaya, a karya kumallo ranar Asabar a wani ɗan gidan abinci na halal da mutanen ƙasarsu ke riƙe da shi. Jirginsu kuma a makon da ke biye zai tashi.

Da safiyar Asabar ɗin na ce wa Hajiya, "Mutunci fa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa."

Ta ce, "To riƙe madararka, Malam. In yaron nan ya rasa yarinyar nan, kai za ka riƙa zuwa Glenwood kana dafa masa tuwo."

"Ni na haife shi, ko shi ya haife ni?"

"Tashi ka sa hularka, motar na jira."

Wurin bai kai zauren gidana na Katsina girma ba. Yana tsakanin shagon wankin kaya da na gyaran waya, kujerunsa na roba ne, kuma mutum da kansa yake zuwa kanta ya faɗi abin da yake so. Ɗalibai sun cika shi da surutu. Na shiga da babbar rigata, na ji kamar liman ya ɓata hanya ya faɗa filin ƙwallo.

Mahaifin yarinyar ya miƙe, muka yi musabaha, ya kai hannunsa ƙirji. Dattijo ne siriri mai furfura, tsohon injiniyan jirgin ƙasa, fuskarsa a ɗaure. Aka kawo wa kowa faranti shimfiɗe da ganyen ayaba. Ya ce sunan abincin nasi lemak. Shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, a gefenta soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifi, da rabin dafaffen ƙwai, da yankan kokwamba, da wata jar miyar barkono. Ni da koko da ƙosai na san safiya, amma ƙamshin ya yi mini sallama tun kafin a ajiye farantin.

Kowa ya yi bismilla, ban da ni. Yarinyar tana zaune daidai gabana. Hannuna ya ƙi tashi daga cinyata. Na ga mahaifinta ya dubi farantina, ya dubi matarsa, ya janye hannunsa daga nasa abincin. Ɗana ya sunkuyar da kai.

A nan na tattaro Turancin da aka koya mana da bulala, na ce, "Ranka ya daɗe, ka ba ni izinin magana. A ƙasarmu mutum ba ya ci a gaban wadda yake so ta zama matar ɗansa, kuma ba ya ci a gidan iyayenta. Da ban so 'yarka ba, wallahi da na share tukunyar matarka har ƙanzo."

Ya ƙura mini ido. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza don dariya. Ya juya ya fassara wa matarsa, ta rufe baki da gefen mayafinta.

Ya ce, "Alhaji, mu kuma a wurinmu, baƙon da aka ajiye wa shinkafa ba ya tashi sai ya taɓa ta, ko da ƙwaya ɗaya ce. In ya fita bai taɓa ba, ya ƙi mu ke nan, kuma har tsoro muke ji kada wani abu ya same shi a hanya. Matata ta kwana tana yi maka addu'a, tana kuma jin haushinka."

Hajiya ta ce da Hausa, "Ka ji ko? Ni kaɗai ce ban yi maka addu'ar ba."

Ban san wanda ya yi wa yarinyar ishara ba. Ta ɗauki farantinta ta koma wani tebur can kusa da taga, ta zauna ta ba mu baya. Ɗana ya bi sahu, ya zauna a teburin da ke kusa da nata. Mahaifiyarta ita ma ta ja Hajiya suka koma gefe. Muka rage mu biyu, tsoho da tsoho.

Ya jawo wata 'yar butar ƙarfe da ke kan teburin, ya zuba mini ruwa na wanke hannu, shi ma ya wanke. Ya ce, "Ƙwaya ɗaya kawai, Alhaji. Ba na neman ƙari."

Niyyata ke nan. Na ɗebi loma ɗaya da hannun dama, na haɗa da gyaɗa da ɗan kifi, na dangwali miyar. Zaƙi ya fara zuwa, yajin ya biyo baya a hankali kamar mai ladabi. Na jira in ji ƙasa ta tsage. Ɗaliban nan ko ɗaga kai ba su yi ba. Na ƙara ta biyu domin kada a ce na yi don dole. A bayan kantar wani mutum yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shayi cikin wani kofin har ya yi kumfa, daidai yadda mai shayin bakin tasharmu yake yi. Aka kawo mana, muka sha, muka shiga hirar layin dogo da ciwon gwiwa. Ban farga ba sai da na ga ganyen ayaba fes.

Ya dubi ganyen, ya goge hannunsa, ya gyara zama. Ya ce, "Na ba ɗanka 'yata. Allah ya sa albarka."

Na ce amin. Daga can bakin taga na ji cokali ya faɗi ƙasa. Ban waiwaya ba, domin bai dace ba.

Takardar da aka ba su daga baya a kotun tsakiyar gari tana ɗauke da wata rana dabam, ta ɗaurin aure a masallaci ma haka. Ba na jayayya da ko ɗaya. Amma ina so jikokina, waɗanda watakila da Turanci za su karanta wannan, su rubuta wadda ni na sani: Asabar ta ƙarshe a watan Sha'aban, da hantsi.