Na Ga Ruwan Tun Daga Dubai

Aikina a Dubai gadin ruwan mutane ne. Ofishinmu yana unguwar Port Saeed, hawa na shida, ta taga ana hango jiragen katako suna lodi. Kamfanin yana lura wa 'yan kasuwar shinkafa da masu jiragen kaya da kogunan Bangladesh, ƙasar da koguna suka yi wa rassa ta ko'ina kafin su faɗa teku. In daminarsu ta kankama, wadda suke kira monsun, wuni nake ina kallon hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunin kogi, in rubuta inda zai cika gobe da inda zai yi ambaliya jibi. Garin da nake zaune kuwa sai a yi wata da watanni ko yayyafi babu.

Teburin da ke kusa da nawa na wani ɗan Bangladesh ne, siriri, ga faɗa kamar zakara. Duk ranar da ma'aunin yankinsu ya hau, sai ya kira mahaifinsa ya dinga ɗaga murya da yarensu, har da buga tebur. Da na tambaye shi, ya ce cewa yake tsohon ya kora shanu kan tudu yanzu-yanzu. Na riƙe baki. A raina na ce wannan bai samu tarbiyya ba.

Ni ɗan fari ne, daga wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Tun da na zo nan na koma "na Dubai". Wayarmu ba ta wuce gaisuwa da sa albarka. In da magana, ta bakin Baffa take bi, ƙaninsa, ya kai ya kawo. Haka na taso, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Wata Laraba a ƙarshen damina, da na gama aikin mutane, na karkata taswirar zuwa gida. Kwana biyu ana zuba ruwa a can saman kogin, ga wani hadarin a baya. Da irin wannan lissafin nake cin abinci, na san kwana uku ne ya iso mu, in ya yi jinkiri huɗu. Na kuma san geron Baba yana gonar kwari, an yanke an shanya, kuma shi ne abincin gidan na shekara. Kwashe shi zuwa tudu aikin yini guda ne da amalanke biyu.

Na kira Baffa na zayyana masa komai.

"To ɗana, za a faɗa masa," in ji shi. "Amma ka san Yaya, sai an samu fuska."

"Baffa, yau nake so, don Allah."

"Sannu ba ta hana zuwa."

Sai dai a daɗe ba a je ba. Wannan a cikina na faɗa, a fili kuwa na ce to.

Ranar Alhamis na sake kira. Baffa ya ce ya isar da saƙo. Na ce me ya ce masa?

"Na ce na Dubai yana gaishe shi, ya ce a riƙa lura da ruwa."

A riƙa lura da ruwa! Na ba da saƙo da zafinsa, an fifita shi a hanya har ya huce. Baba wai murmushi ya yi, ya ce ruwa ko gindin tsamiyar mashaya bai kai ba. Shi ma'auninsa ke nan shekara da shekaru, kuma tsamiya ba ta san abin da ke tafe daga sama ba. Takaici ya sa na kusa jifa da wayar.

Maƙwabcin teburina ya ga yadda nake huci, na gaya masa dalili.

"Yalla habibi, kira shi da kanka, shi ke nan!" in ji shi, yana haɗawa da ɗan Larabcin Dubai. "Ce masa kwashe. Kalma ɗaya ce fa."

Na fita baranda, zafi kamar bakin murhu, na kira Baba. Na gaishe shi har da ɗan rusunawa, alhali ba ya ganina.

"Baba, ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ina ganin kamar zai ɗan ƙaru."

"Sai abin da Allah ya yi."

"Haka ne, Baba."

Ya sa min albarka ya kashe. Na tsaya riƙe da waya ina jin haushin kaina. A ofis ni ke rubuta wa manyan attajirai su janye jiragensu, su kuma janye ba musu. Amma in ce wa Baba ya yi kaza, harshena ya ƙi juyawa. Na lallashi kaina da cewa ai ya gane, babba ne.

Ranar Asabar da hantsi ruwa ya shiga kwari. Kafin la'asar ya kai ƙugu. Mutanen gida suka shiga da ƙwarya da buhu, abin da suka tsamo bai cika amalanke ɗaya ba.

Washegari Baffa ya kira. Na ji muryoyin masu jaje, na gane a zauren Baba yake. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, ya ƙara da cewa ya gaya wa Yaya yaron nan fa tun Laraba ya hango abin. Can na ji muryar Baba daga gefe, ba faɗa, a hankali.

"Tambaye shi. Shekaranjiya-waccan da ya kira ni, ya sani?"

"Yana jin ka, Yaya."

"To me ya hana shi faɗa min?"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya mayar da alheri, Baba."

Ya ce amin.