Ƙwanƙwasa Biyu a Kan Talabijin

Shekara goma sha shida ke nan da muka binne Yaya Habila a Ƙarfi, ana tsakiyar cirar auduga. Har yau in na wuce tsohon shagonsa na gyaran talabijin a Malumfashi, sai in ji kamar warin dalmar da yake narkarwa yana bin gyalena.

Mutum da gemunsa, amma ba abin da yake so irin katun, kallon yara. Ran Lahadi in an taso coci sai ya tara mu ya sa faifai. Ana cikin daɗi ya tsayar, mu yi ta ihu. Sai ya ce, "Ku duba yadda ɓeran nan ya karkata hula! Daga tsohon fim ɗin kaboyi aka ɗauko." Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Ashe ɓarayi ne, Yaya." Ya ce a'a, gaisuwa ce. Yadda ba ma wuce gonar mutum ba mu ce sannu da aiki ba, haka masu fim ke gaida na gabansu.

Talabijin ɗinsa ta gida kuwa, abin kunya ga mai gyara, ba ta tashi sai ya ƙwanƙwasa mata kai sau biyu, ya kara kunne, ya ɗaga gira kamar mai jiran a ce masa shigo.

Nakan zauna in yi ta tunanin me zai ce yau da katun ya cika wayoyi, wannan na gaida wancan ba iyaka. Ina jin da ba wanda zai ci tuwo lafiya a gidanmu.

Ya bar 'ya ɗaya, Saratu, tana shekara uku, a hannuna ta tashi. Abin da ke cin ranta shi ne ba ta tuna shi ko kaɗan. "Gwaggo, ko muryarsa ba ni da ita," takan ce. Na ba ta labarinsa har na gaji, amma labarina ne, ba nata ba. Abin na yi mini ciwo ƙwarai.

Yanzu tana karatu a Funtuwa, tana koyon zana katun a kwamfuta. Kwanan baya ta kawo mini na farko: wani bunsuru mai gyaran rediyo. Aka kawo masa aiki. Ya ƙwanƙwasa rediyon sau biyu, ya kara kunne, ya ɗaga gira.

Na ce ta tsayar. "A wane fim kika ga wannan?"

"Ba a ko'ina ba, Gwaggo. Haka kawai ya zo mini."

Ban taɓa ba ta wannan labarin ba. Ni kaina na manta da shi.

Shagon ya koma na sayar da taki, talabijin ɗin kuwa 'yan gwangwan sun daɗe da ɗauke ta. Wannan ƙwanƙwasar ce ta rage, ta yi shekara goma sha shida kwance a cikin kan yarinyar da ke cewa ba ta da komai nasa.

Na share ido na ce, "Saratu, kin gaida babanki."